Alkama Tana Hawa

Warwick Tranter bai gama kwance sarƙar ƙofar shinge ba ya ji ƙarar bindiga daga wajen tsohon tafkin gonar. Ya tsaya da sarƙar a hannu. Aka sake bugawa, aka kuma sakewa, a natse, irin ta mai aikin da ya san ranar za ta ishe shi. Ya bar ƙofar a hangame, abin da ɗan makiyaya ba ya yi ko gobara yake gudu, ya koma cikin a-kori-kurarsa ya taka ta.

A gefen tafkin, wanda ya bushe har ƙasarsa ta tsattsage, katafila ta haƙa dogon rami tun ranar Laraba. Yayansa Clarrie yana tsaye a bakin ramin. Ya killace tumakin da shingen ƙarfe, yana jawo su ɗaya bayan ɗaya, ya matse tunkiya da gwiwa, ya ɗora bakin bindiga a ƙeyarta, ya harba, ya tura ta da ƙafa. Waɗansu ba sa iya takowa, sai ya ja su ta ƙafar baya. Dukansu mata ne, kuma akasarinsu da ciki. Su ne ragowar irin da mahaifinsu ya kafa, wanda aka san ulunsa a kasuwar garin Coonamble tun kafin a haifi Warwick.

"Ka zo da kuɗin?" in ji Clarrie, bai ko waiwayo ba.

"Na zo mu yi magana."

"To yi, Farfesa. Kunnena ɗaya yana ji har yanzu."

Ya sake jawo wata.

Damina uku ke nan ruwan kirki bai sauka a yankin ba. Bara da Clarrie ya sayar da rabin garken, ya ware kuɗin don abincin sauran, Warwick ne ya ce masa kada ya bar su kwance a banki, ya ba shi ya juya masa su. Shi Warwick ya daɗe da barin gona. Ya yi shekaru yana saya wa wani kamfani hatsi, daga baya ya zauna a ɗakin bayan gidansa a cikin gari ya gina abin da yake kira tsari. Ƙa'idoji ne 'yan kaɗan na cinikin alkawarin alkama a kasuwar Sydney, inda ake saye da sayar da hatsin da ba a ma shuka ba. Idan farashi ya ɗauki hanyar hawa, tsarin ya saya. Ba zai saki ba sai farashin ya juyo da kansa ya faɗo ƙasa da wata iyaka. Kafin ya sa ko dala ɗaya, Warwick ya ɗora ƙa'idojin a kan farashin shekaru talatin da suka wuce, ya gwada, ya gyara, ya sake gwadawa, har gashin kansa ya yi furfura a gaban kwamfuta.

Watannin farko tsarin ya yi ta cin kuɗin Clarrie da kaɗan-kaɗan. Sai fari ya tsananta, alkama ta tashi, tsarin ya saya, kuɗin suka ninka. Amma farin da yake cika asusun shi ne ya ƙarar da ciyawar gonar. Banki ya rufe wa Clarrie ƙofa. Masu sayen dabbobi sun zo sun duba, suka ce doka ba ta yarda a loda tunkiyar da ba ta iya tsayuwa a mota ba. Abin da ya rage shi ne tirela guda ta harawa da wani direba ya kawo tun daga jihar Victoria, tana tsaye a filin bayan mashayar gari. Direban ya ba Clarrie wa'adi zuwa tsakar ranar Juma'ar nan, domin akwai hannaye da yawa a miƙe, kuma wata tirelar sai bayan makonni.

"Jiya na sake gwadawa," in ji Warwick, yana ɗaga murya don kukan tumakin. "Na sa masa ƙa'idar sauka da wuri, na bi shekarun nan duka da ita. Ka san abin da ya fito? Asara. A ciniki goma, bakwai faɗuwa ake yi, Clarrie. Babbar tafiya guda ita take biyan duka. Wannan ita ce babbar. Wanda ya diro a tsakiyarta ya sha wahalar banza."

"Kuɗina ne."

"Naka ne. Shi ya sa nake tsare maka su."

"Daga wa?"

"Daga kai. Daga ni ma."

Clarrie ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ɗura harsashi. Fuskarsa da gaban rigarsa duk feshin jini ne da ƙura, ƙudaje suna bin girarsa.

"Tun kana yaro haka kake. A aike ka ɗebo ƙwai, ka tsaya kana yi wa kaza lissafi. Tsarin nan naka, ka taɓa gwada shi a kan mai jin yunwa?"

"Kai ma da ka zaɓi rago ba ka yanka shi don 'ya'yan shekara guda sun lalace. Kana jira. Abu ɗaya muke yi."

"Ragona yana cin abinci yayin da nake jira."

Bindiga ta sake tashi. Tunkiyar ta durƙusa, ƙafafunta suna harbin iska, Clarrie ya ture ta.

Warwick ya matso har ya taka jinin da ya jiƙe bakin ramin. Ya san maganarsa gaskiya ce, ya ga shaidarta sau ɗari a allon kwamfuta, kuma sanin haka ne ya sa ya faɗi abin da ya faɗa.

"Ka ba ni mako uku kawai. In ta ci gaba da hawa, zan saya maka garke biyu irin wannan."

Clarrie ya saki tunkiyar da ya kamo. A karon farko ya juyo ya dube shi.

"Irin wannan," ya maimaita. "A wace kasuwa?"

Ya juya zai koma aikinsa, Warwick ya kai hannu ya cafke bakin bindigar. Ƙarfen ya ƙona masa tafi, amma bai saki ba. Suka yi ja-in-ja, bindigar ta tashi sama, kare ya zabura yana haushi. Clarrie ya fizge ta, ya juya gindinta, ya dankara wa ƙaninsa a kunci. Warwick ya ji wani abu ya fashe a ƙarƙashin idonsa kamar an taka ƙoƙo. Bai faɗi ba. Ya sunkuya ya rungumi ƙugun yayansa ya tura da dukan nauyinsa, ƙasar bakin ramin ta zabtare, suka gangara tare a kan gawarwakin.

A can ƙasa babu wurin kafa ƙafa. Ulu ne jiƙaƙƙe, da ɗumi, da kashi, da kofatan da ba a gani sai sun soki mutum. Maza biyu da suka haura hamsin suka dinga dukan juna kamar yaran da ba mai raba su. Warwick ya lalubo dutse ya kwaɗa wa Clarrie a kunne, kunnen ya tsage, jini ya gangaro masa har wuya. Clarrie ya kai masa gwiwa a ciki, ya miƙe, ya ɗora diddigen takalminsa a kan hannun da yake riƙe da dutsen, ya murje. Yatsun suka ba da ƙara. Warwick ya buɗe baki, numfashi ya ƙi fita.

Clarrie ya durƙusa a bayansa, ya damƙi gashin ƙeyarsa, ya kifa masa fuska a kan cikin tunkiyar da ya harbe yanzu-yanzu.

"Tsaya nan," ya ce, yana haki. "Ba kai ne mai haƙurin jira ba? Jira."

Warwick ya yi ta fizga, daga baya ya daina. A ƙarƙashin kuncinsa da ya fashe, ta cikin fatar uwar da ta riga ta mutu, wani abu ya yi shuri. Ya sake yi. Ya ɗan jima yana yi, yana raguwa, har ya tsaya.

Clarrie ya sake shi. Ya hau bakin ramin da rarrafe, ya ɗauki bindigar, ya busa ƙurar da ta shiga cikinta. Da ya ga ƙanin ya kasa hawowa da hannu ɗaya, sai ya miƙo nasa ya finciko shi ta wuyan riga, ya yar da shi a ƙasa kamar buhu.

"Tafi asibiti," ya ce. "Kana tsorata min su."

Warwick ya tuƙa motar zuwa gari da hannun hagu, na daman a cikin riga, ido ɗaya a rufe. A gonar babu layin waya sai a tudun gidan. Sai da ya hango rumbunan hatsin gari sannan wayarsa ta kama, ya kira matarsa Glenys ya ce ta same shi a asibiti, ta zo da lambar dillalinsa, domin idonsa ba ya iya karanta allon.

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe shi ajinsu ɗaya a firamare, sunanta Dulcie. Ta yanke hannun rigar da almakashi, ta dubi yatsun, ta dubi fuskar.

"Me ya same ka, Warwick?"

"Rago ne ya tunkuye ni."

"Ragon nan yana sa takalmi mai ƙusa, ga shaidar a bayan hannunka. In rubuta rago?"

"Rubuta rago."

"Na rubuta. Ka ce wa ragon shi ma ya zo a duba shi, na san ba a bar shi lafiya ba."

Glenys ta shigo da makullin mota a hannu. Ta dube shi sau ɗaya, ta danna lambar ta riƙe masa wayar a kunnen da bai kumbura ba. Dillalin, Stavros, ya ɗauka daga ofishinsa a Sydney da fara'ar mutumin da safiyarsa ta yi kyau.

"Sarkin alkama da kansa. Ka ga allo yau?"

"Stav, sayar. Duka. Ka turo kuɗin kafin rana ta raba."

"Muryarka ta yi wani iri. Tsarin ne ya ba da alama? Ban ga komai a nan ba."

"Ni ne na ba da alama."

Ana jin ƙarar wayoyin ofis a bayan Stavros.

"Abokina, ka san ba zan iya ba."

A shekarar farko ta cinikinsa Warwick ya sa hannu a tsarin sau biyu don tsoro ya kama shi. Da ya koma ya gwada, ya ga cewa da ya bar ƙa'idojin sun yi aikinsu da bai yi asara ba. Daga nan ya ɗauki hannun nasa a matsayin aibi na ƙarshe da ya rage a tsarin, ya gyara shi kamar yadda ya gyara sauran. Ya je har Sydney ya sa hannu a yarjejeniya da kamfanin dillalin: duk umarnin da ya fito daga bakinsa, ba daga tsarin ba, sai ya kwana, a zartar da shi bayan an tashi kasuwa ta gaba. Ya yi alfahari da wannan gyara fiye da kowanne. Ya sha ba matasa labarinsa a taron 'yan kasuwa.

"Na soke yarjejeniyar," in ji Warwick.

"Sokewar ma sai ta kwana. Kai ka ƙara wannan layin, ni har na ce maka ya yi yawa."

"Stav, ana harbe tumakin yayana. Yanzu, da muke maganar nan."

"Na ji, kuma ban ji daɗi ba. Amma ka tuna abin da ka ce min a wannan ofishin? Ka ce wata rana zan kira ka da kuka, zan zage ka, zan ce gidana yana cin wuta, kada ka saurare ni. Ka ce ranar da na fi rantsuwa ita ce ranar da za ka fi toshe kunne."

"Wancan mutumin jaki ne."

"Wataƙila. Amma shi ne ya sa hannu. Ana naɗar wayar nan, Warwick. In na taɓa asusunka yau, lasisina ya tafi, kuma ran Litinin in alkama ta ƙara hawa, lauyanka zan gani."

"Zan hau mota in zo in fasa maka baki."

"In ka taso yanzu ka iso an rufe kasuwa. Na karɓi umarninka, na rubuta lokaci. Litinin da yamma za a sayar." Ya ɗan sassauta murya, kamar mai neman abin da zai ba majinyaci. "In zai rage maka zafi, ta ƙara hawa da safen nan. Ba ka taɓa samun mako irin wannan ba."

Warwick ya kai wa wayar duka da hannun da ya manta a karye yake. Wayar ta bugi bango, tiren kayan aiki ya kife, almakashi da kwalabe suka watse a ƙasa. Zafin ya naɗe shi biyu, ya yi amai a kan takalminsa. Dulcie ta kira wani ƙato daga ɗakin gaba suka danne shi a gado, ta soka masa allura.

"Ka gama?" ta ce. "Ko in kawo maka wani tiren?"

Glenys ta tsince wayar, gilashinta ya tsage amma tana aiki. Ta sa ta a aljihunsa ta fita ba tare da ta ce inda za ta ba. Yayin da likita yake jan yatsun yana mayar da su mazauninsu, ita tana filin bayan mashaya tana yi wa direban tayin motarta, da katinta na banki, da zoben aurenta a matsayin jingina. Direban ya ce ba ya musun kirkinta, amma shi ma wani yake yi wa aiki, kuma mai harawar ba ya cin zobe. Ta dawo ta tarar an naɗe hannun mijinta har gwiwa, an ɗinke kuncin.

Ba ta buƙaci yin bayani ba. Tagar ɗakin tana kallon babban titi, suna zaune tirelar ta wuce a hankali, ɗaurin harawa a jere har sama, motar wani makiyayi daga arewacin gari tana gaba tana nuna mata hanya. Iska ta kwaso 'yan karare ta zubar a bakin titi.

Warwick ya ce ta kira masa lambar gidan gona. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka. Ya kasa kunne ko zai ji wani abu a bayan numfashin yayansa, bai ji komai ba, sai zuciyarsa ta ɗan ɗaga.

"Ka dakata ke nan," ya ce.

"Harsashi ne ya ƙare. Na zo shan ruwa."

"Na ba da umarni a sayar, Clarrie. Duka. Sai dai ba za su saki kuɗin ba sai Litinin."

"Wa ya hana?"

"Ni."

Clarrie bai nemi ƙarin bayani ba.

"Harawar fa?"

"Ta tafi. Yanzu ta wuce ta gabana."

Warwick ya ji an ja kujera, an zauna.

"Hannun?"

"Yatsu uku. Kunnen?"

"Yana nan, na ɗaure shi da tsumma. Dama ba wannan ne mai ji ba." Ya yi tari. "Waɗanda suka rage ba za su ga Litinin ba, balle wata tirela. Hankaki sun fara cire idon na kwance tun suna numfashi. In za ka iya, biya shagon Mottram ka sayo min harsashi kwali biyu. Lasisinka na bindiga bai mutu ba, ko?"

"Bai mutu ba."

"To. Kada ka daɗe."

Dulcie ta ce likita yana so ya kwana saboda idon. Warwick ya ce zai dawo gobe. Ta dube shi, ta dubi Glenys, ta miƙo takardar sallama da ƙwayoyin rage zafi, ta ce ta san 'yan gidan Tranter tun kakansu, ba a taɓa jin wanda ya mutu don ya bi shawara ba.

A shagon kayan gona ya kasa zaro lasisin daga walat, Glenys ta zaro masa. Tsohon Mottram ya dubi fuskarsa, ya dubi hannun, ya ɗauko kwalayen daga kabad mai makulli ya ajiye a kan kanta. Bai yi tambaya ba. A watannin nan ba shi da kayan da ya fi wannan fita.

Glenys ce ta karɓi tuƙi. Da suka iso mararrabar da hanya ɗaya take shiga unguwarsu, ɗaya take fita gona, ta rage gudu.

"In sauke ka a gida ka kwanta. Ni zan kai masa."

"Wuce da ni."

"Da wannan hannun me za ka yi a can? Ko cokali ba ka iya ɗauka."

Ya gyara kwalayen a cinyarsa, ya dafe su da hannun hagu don kada su zame.

"Shi kaɗai yake kamawa, shi yake harbi," ya ce. "Zan riƙe masa su."